Figil: Darasin Karatu A Kan Takardar Buhun Siminti

Wanda ya tashi daga Garwa ya nufi Marwa, idan ya wuce Pitowa da duwatsun Tingilin ya ci kusan kilomita 90, zai iske wani gari a bakin kwalta, manyan motoci sun yi masa layi hagu da dama. Figil ke nan. Yana cikin gundumar Mayo-Luti a lardin Arewa na ƙasar Kamaru, Gidar ce hedikwatar gundumar. Arzikin garin a ƙarƙashin ƙasa yake, wato farin dutse, shi ya sa kamfanin siminti na CIMENCAM ya kafa masana'anta a nan tun 1971, ga kuma masu ƙona farar ƙasa. Daga nan hanya take ballewa zuwa Lere ta ƙasar Cadi. Gaba kaɗan akwai Bidzar, inda mutanen da can suka bar zane-zane a jikin shimfiɗaɗɗun duwatsu, waɗanda aka fara ba da labarinsu a rubuce a 1933.

Zumunci ne ya kai ni. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya daɗe da zama a garin yana sayar da kayan masarufi, har ya yi 'ya'ya da jikoki. Ta Yola na shiga, na kwana a Garwa a unguwar Hausare, sa'an nan na ƙarasa. Ni kuwa malamin firamare ne, aji ɗaya da aji biyu na fi daɗewa a ciki, don haka duk garin da na sauka, bayan masallaci da kasuwa, ƙafata makaranta take nufa.

Abin da baƙo zai fara lura da shi a Figil shi ne yawan bakuna. Masu ƙasa Gidar ne, da harshensu. Akwai Fulani, akwai Mundang da Mambai da Tupuri, akwai Hausawa 'yan kasuwa da mahauta, ga ma'aikatan da suka zo daga kudu. Abin da ya haɗa su duka a kasuwa da tasha shi ne Fulatanci, wanda ya bazu a wannan yanki tun zamanin da Modibbo Adama ya karɓo tuta a 1809. Jikokin Kawu da Hausa suke magana a cikin gida, da sun fita ƙofa sai Fulatanci, da sun shiga makaranta kuwa sai Faransanci. Ajin farko a tsarinsu ana ce masa SIL, ma'anarsa ajin fara sabawa da harshe, daga shi sai CP, sai CE1 da CE2, sai CM1 da CM2, sannan jarrabawar fita. Yaro ɗan shekara shida yana shiga da harshe biyu ko uku a bakinsa, amma ba ko ɗaya daga cikinsu da aka rubuta a allon aji.

Wata jikar Kawu ce ta ja ni zuwa ajinsu. Tun da daddare na ji ta a tsakar gida tana wasa da ƙannenta, tana cewa su cire wani sauti su sa wani, suna ta ƙyalƙyala dariya. Na tambaye ta wa ya koya mata, ta ce: "Malaminmu ne. Gobe ka zo ka gani." Da safe Kawu ya raka ni, ya gabatar da ni ga shugaban makarantar, aka yi mini izini na zauna a baya.

Ajin cike yake maƙil. Benci bai isa ba, na gaba a kan tabarma suke. Malamin saurayi ne, Bagidare, yana jin Faransanci da Fulatanci da harshen gidansu, da Hausar kasuwa wadda ta ishe mu fahimtar juna. Daga baya na ji cewa ba gwamnati ke biyansa ba, yana cikin waɗanda ake kira malaman iyaye, waɗanda ƙungiyar iyayen yara take tara musu ɗan abin hannu a ƙarshen wata. Irinsu suna da yawa a makarantun arewacin Kamaru. Littattafai a ajin ba su taka kara sun karya ba. Abin da kowane yaro yake da shi ɗan ƙaramin allo ne da guntun alli. A kan teburin malam kuwa akwai tarin takardu masu kauri da ya yanka daga buhun siminti, kowace da harafi ɗaya, ya rubuta da girma yadda na ƙarshen aji zai hango.

Bai fara da takardun ba, da kunne ya fara. Ya ce su rufe ido. Ya ce "wari", wato ya zo da Fulatanci, ya sa suka maimaita. Ya ce "yari", ya sha. Ya tambaya: ɗaya ne ko daban? Suka ce daban. A ina suka bambanta, a kai ko a wutsiya? Nan aji ya rabu, wasu kai, wasu wutsiya. Bai ce wa kowa ya yi kuskure ba. Sai ya ja sautin farko ya tsawaita shi, ya sa su dubi leɓɓansa, yadda suke dunƙulewa a kalma ta farko, suke bajewa a ta biyu. Sa'an nan ya kira yara huɗu gaban aji, ya ba kowa takarda: w, a, r, i. Suka jeru kafaɗa da kafaɗa, aji ya karanta. Ya dafa kan mai riƙe da w ya ce ya koma ya zauna, ya kira wata yarinya ya ba ta y ta tsaya a gurbinsa. Sauran ukun ba wanda ya motsa. Aji ya yi shiru na ɗan lokaci, sai wani daga tabarma ya ɗaga murya: "Yari!" ya kuma kai hannu baki kamar mai kurɓar ruwa. Aji ya ɗauka. Aka cire y aka sa m, ya zama "mari", yana da shi. Aka mayar da w, aka zaunar da mai r aka kawo ɗ, ya zama "waɗi", ya aikata. Wannan na ƙarshen ya fi ba su wuya, don sauyin a tsakiya yake, sai da ya maimaita.

Daga nan ya buga tebur da sanda, kowa ya sunkuya ya rubuta a allonsa. Ya sake bugawa, alluna suka tashi sama gaba ɗaya. Da kallo guda ya ga wanda ya gane da wanda ya juya harafi baya. Wannan tsohuwar dabara ce ta makarantun Faransa, ana kiranta La Martinière, kuma ban ga abin da ya fi ta amfani a aji mai cunkoso ba. Ya ce kada a goge kalmar duka, harafi ɗaya kawai za a shafe da ɗan yatsa a sa wani. Wannan umarnin shi ne zuciyar darasin. Yaron da ya goge duka ya sake rubutawa kwafa ya yi. Wanda ya goge ɗaya tilo dole sai ya yi tunanin wanne ne, a ina yake zaune, me zai maye gurbinsa.

Jikar Kawu da wasu 'ya'yan Hausawa biyu suna ta murmushi tun da aka fara, domin wari da yari da mari duk kalmomi ne a Hausa masu wata ma'ana daban. Abin da ya fi muhimmanci shi ne haruffan huɗu sauti ɗaya suke bayarwa a harsunan biyu. Ba haɗari ba ne. A taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 an zauna a kan daidaita rubutun Hausa da Fulatanci da Barbarci da wasu harsunan Afirka ta Yamma, shi ya sa ɓ da ɗ masu ƙugiya iri ɗaya ne a wurinmu da wurinsu. Yaron da ya koyi harafi a ɗaya, ya samu a ɗayan kyauta.

Sai da aka ci kamar kwata na awa a haka, sannan malamin ya juya zuwa Faransanci, da yara huɗu suka koma uku. Ya ɗaga jakar wata yarinya ya ce "sac". Aka jera s, a, c. Aka cire s aka sa l, ya zama "lac", ya ce musu tafki ne irin na Lagdo. Aka sa b, ya zama "bac", jirgin fito. Suka yi shi da sauri, domin wasan ba sabo ba ne, kalmomin ne sababbi.

Da aka tashi tara na same shi a gindin dalbejiya. Na ce: "Malam, sannu da ƙoƙari. A ina ka samo wannan?" Ya ce a wani horo na 'yan kwanaki aka nuna musu, amma da kalmomin Faransanci. Da ya dawo ya gwada, yara suna maimaitawa bayansa kamar yadda suka saba, fuskokinsu ba su nuna komai ba. "Alhaji," in ji shi, "in na ce mur, na ce dur, a wurinsu duk ƙara ce. Ba su san ta farko ba, ba su san ta biyu ba, to me ya canja? Amma in na ce wari na ce yari, mai zuwa ya koma mai sha, sai su yi dariya. Da na ji dariyar na san sun ji sautin."

Wannan maganar ita ce na ɗauko daga Figil, kuma na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Bari in faɗi dalili, don iyaye da yawa suna zaton karatu haddar haruffa ne kawai.

Yaro yana magana da kalmomi, yana kuma iya jin gaɓa ba tare da an koya masa ba. Ka ce ya tafa hannu a kan "ta-kal-mi" ko "ba-ba", zai kama da wuri. Amma ka ce masa "ba" abu biyu ne, baƙi da wasali, ba zai yarda ba, kuma yana da gaskiya, domin a kunne abu ɗaya ne. Baƙi da wasali a bakin mai magana kamar fura ce da aka riga aka dama da nono, ba a ganin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Rubutun boko kuwa a rarrabe yake ajiye su. Ko babba ma ba ya jin wannan rabuwar sai an nuna masa: a 1979 José Morais da abokan aikinsa sun gwada manya a ƙauyukan Fotugal, suka ga waɗanda ba su taɓa koyon karatu ba sun kasa cire sautin farko daga kalma ko ƙara shi, alhali takwarorinsu da suka yi yaƙi da jahilci suna iyawa. Ke nan ba girma ke kawo shi ba, koyarwa ce. Matsalar malami ita ce baƙi irin b ko d ba ya furtuwa shi kaɗai, duk yadda ka yi sai wani ɗan wasali ya biyo shi. To yaya za ka nuna wa yaro abin da ba za ka iya furta masa a ware ba? Sai ka riƙe komai a wurinsa ka canja abu ɗaya. Idan "a-r-i" suna tsaye ba su motsa ba, ma'ana kuma ta canja, yaro zai gano da kansa cewa akwai wani abu a gaba wanda yake da nasa aikin. Sauyin ma'ana shi ne shaidar. Idan babu ma'ana, babu shaida.

Masana sun daɗe a kan wannan. Elkonin na Rasha ya yi amfani da 'yan akwatuna da ƙwayoyi, yaro yana tura ƙwaya ɗaya a kan kowane sauti, abin da marfin kwalba ko ƙwallon dabino zai yi mana. A Oxford, Lynette Bradley da Peter Bryant sun buga sakamakon bincikensu a 1983, inda yaran da aka koya wa rarrabe sauti tare da haruffan roba da suke cirewa suna sakawa suka zarce sauran a karatu da rubutu. Daga baya rahoton kwamitin karatu na Amurka a 2000 da rahoton Rose na Ingila a 2006 suka ƙarfafa cewa a koyar da sauti da harafi a bayyane, bi da bi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne akasarin waɗannan yaran da harshen da suka tashi da shi aka gwada su.

Akwai wani abin da ya ba ni sha'awa game da Fulatanci. Ɗan da ya tashi da shi kullum cikin canja sautin farko yake, bai ma sani ba. Mutum ɗaya Pullo, da yawa Fulɓe. Namiji gorko, maza worɓe. Ɗaki suudu, ɗakuna cuuɗi. Shi ya zo "o wari", su sun zo "ɓe ngari". Harshen da kansa ya gina nahawunsa a kan abin da malam yake so ya koyar. Na ga amfanin wannan a fili lokacin da aka zo kan p da f. Yaran da suka ƙware a Fulatanci ba su sha wuyar bambance "port" da "fort" ba, 'ya'yan Hausawa kuwa sai da aka sa su riƙe takarda a gaban baki su ga wanda yake busa ta da ƙarfi, don mu a wurinmu sautin guda ne. Mu ma muna da namu gadon. Zaurance da 'yan mata suke yi don kada a gane zancensu, cusa gaɓa ne a cikin kalma da cire ta cikin sauri. Yarinyar da ta iya zaurance ta riga ta yi rabin aikin.

Malamin ya kuma nuna mini kalmomin da yake ɓoyewa sai gaba. Ya rubuta lit, riz, nid a ƙasa da tsinke: gado, shinkafa, sheƙa. Dukkansu da sautin "i" suke ƙarewa a baki, amma a takarda ɗaya t, ɗaya z, ɗaya d, kuma ba a furta ko ɗaya. Sautin "o" kaɗai ana rubuta shi o, ko au, ko eau. Yaron da aka fara da irin waɗannan zai ɗauka rubutu ba shi da doka, sai dai a haddace. Wani bincike da Seymour da abokansa suka buga a 2003 a kan harsunan Turai ya nuna yaran Finlan da Girka da Italiya da Sifen suna kama karatun kalmomi kafin shekarar farko ta ƙare, na Faransa da Fotugal da Denmak suna baya, masu Ingilishi kuwa su ne na ƙarshe da nisa. Waɗannan fa 'ya'yan masu harshen ne. Ka auna ɗan Figil ko ɗan Funtuwa da aka ce ya fara da su.

Ba kowa ne yake murna da abin da malamin yake yi ba, kuma ba zan ɓoye ba. Kawu da kansa ya ce mini da daddare: "Kai ɗan nan, Fulatanci ai a titi ake tsintarsa. Mun kai su ne su koyo Faransanci, da shi ake jarrabawa, da shi ake samun aiki." Na ce: "Gaskiya ne, Kawu. Amma harafin da ta koya da safe, ai da shi ta karanta sac kafin a tashi tara." Bai ce ya yarda ba, ya dai ce za mu gani a ƙarshen shekara. Akwai kuma ƙorafin da ya fi wannan nauyi. Yaran da suka zo daga ƙauyukan Gidar, Fulatancin ma ba nasu ba ne, kuma akwai iyayen da tarihi ya sa ba sa son a ɗora shi a kan harshensu. Malamin ya san da haka fiye da ni, tunda nasa ne. Ya ce idan ya ga na ƙauye sun yi tsuru-tsuru, yakan yi musu zagaye ɗaya da kalmomin Gidar, da baki kawai. Ƙasar da take da harsuna sama da 200 ba za ta sami amsa mai sauƙi ba.

Amma ba a ce ba su nema ba. A 1979 Maurice Tadadjeu da Etienne Sadembouo suka jagoranci fitar da haruffan bai-ɗaya na rubuta harsunan Kamaru. A 1981 Tadadjeu ya fara shirin PROPELCA daga Jami'ar Yawunde, na fara koyar da yaro da harshensa sannan a shigar da shi Faransanci ko Ingilishi a hankali. Tsarin mulkin 1996 ya ce gwamnati za ta kare harsunan ƙasa ta bunƙasa su, dokar ilimi ta 1998 ta maimaita. A yankin Kom na arewa maso yamma an yi gwaji daga 2007 a makarantu 12, yaran da aka fara da harshensu suka fi takwarorinsu a azuzuwan farko, har a Ingilishin kansa. Shirin ELAN na ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wanda ya fara aiki a 2012, ya sa Fulatanci cikin harsunan da ake gwadawa a Kamaru. Takardu suna nan. Abin da ya rage shi ne su iso ajin da yara suke zaune a kan tabarma, da littafi, da horo, da albashi.

Da yamma na leƙa makarantar allo ta unguwar su Kawu. Dattijo ne Bahaushe yake da ita, yaran da na gani da safe da kayan makaranta su ne a nan da alluna na itace. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labarin abin da na gani. Ya yi murmushi ya ce: "To ai farfaru ke nan." Na ce: "Allah gafarta Malam, haka nake gani ni ma." Duk wanda ya yi allo ya san matakan. Babbaƙu tukuna, yaro ya san baƙaƙe da sunayen da kakanninmu suka raɗa musu, su ha kuri da lam ara da nun guda. Sa'an nan farfaru, inda baƙi yake tsayawa wuri ɗaya wasali yana canjawa: da wasali bisa ba, da wasali ƙasa bi, da rufu'a bu. Riƙe ɗaya, canja ɗaya. Malamanmu sun gano wannan tun kafin boko ya zo ƙasar nan.

Wani zai ce, to ai ɗan allo ma bai san ma'anar abin da yake karantawa ba, kuma yana iyawa. Haka ne. Sai dai Larabcin da aka yi wa wasali rubutu ne mai tsayayyar doka, abin da ka gani shi za ka furta. Kuma allo yana da abin da aji ɗaya ba shi da shi: shekaru, da maimaici safe da yamma, da malamin da yake biya wa kowane yaro shi kaɗai, da niyyar ibada da take riƙe yaro da iyayensa. Ma'ana tana zuwa daga baya a karatun littattafai. Ɗan firamare kuwa ana so cikin shekara biyu ya karanta tambayar lissafi ya gane abin da ake nema. Idan bai kama ba zuwa aji uku, darasi ya wuce shi, kuma da yawa daga nan suke zamewa su bar makaranta.

A hanyar dawowa tunanin gida ne ya cika mini kai. Mu a Kano da Katsina da Sakkwato ba mu da wahalar Figil. A mafi yawan azuzuwanmu harshe ɗaya ne a bakin malam da yara duka, rubutunsa kuma mai sauƙin doka ne, an daidaita shi tun zamanin Hukumar Talifi ta Zariya a shekarun 1930, an buga jarida da shi tun 1939. Duk da haka me muke yi a aji ɗaya? Muna sa yara rera sunayen haruffa da Ingilishi wata da watanni. Yaro ya haddace cewa wannan "ei" ne, wancan "si" ne, sa'an nan a rubuta masa "ci" ko "ca" a ce karanta. Da me zai karanta? Sunan da aka ba shi bai yi kama da sautin da ake nema ba. Na sha ganin ɗan aji huɗu da zai rera haruffa daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, amma a rubuta masa sunan mahaifiyarsa ya tsaya yana kallo. Wannan yaron ba daƙiƙi ba ne, hanyar da aka bi da shi ce ba ta kai ba.

An yi ƙoƙari, ban musa ba. Littattafan Mu Karanta! sun shiga makarantun Bauci da Sakkwato, shirin RANA ya yi aiki a Katsina da Zamfara, dukkansu da Hausa suke farawa, da sautin harafi da haɗa gaɓa. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram tun 1973. A ƙasar Yarabawa Farfesa Babs Fafunwa ya yi gwajin Ife na koyar da yara da harshensu daga 1970. Abin da yake damuna shi ne yadda muke ɗaukar irin wannan a matsayin kayan shiri, in masu ba da kuɗi sun naɗe tabarmarsu sai a koma gidan jiya. Saurayin nan na Figil ba shi da shiri, ba shi da littafi, albashinsa ma sai iyaye sun tara.

Hausa kuwa kamar don wannan wasan aka yi ta. Ɗauki doki. Canja wasalin ƙarshe, doka. Canja na tsakiya, duka. Sake canjawa, daka. Cire k ka sa w, dawa. Kalma biyar, kowace yaro ya san ta tun yana goye, kuma a kowane mataki harafi ɗaya ne ya tashi. Ko rana, raga, riga, rina. Idan sun ƙware sai a kawo masu ƙugiya, waɗanda ko manya suke wasa da su a rubutu: kare da ƙare, baki da baƙi, daka da ɗaka, kafa da ƙafa. Yaron da ya ga kare ya koma ƙare saboda 'yar ƙugiya ba zai ƙara raina ta ba. Tagwayen baƙaƙe irin sh da ts a rubuta su a takarda ɗaya, yaro ɗaya ya riƙe, don sauti ɗaya ne: sara, shara, tsara. Abin da za a jinkirta shi ne kalmomin da tsawon wasali ko karin sauti ya bambanta su alhali rubutunsu ɗaya, irin gari na zama da gari na tuwo. Fulatanci yana ninka wasali mai tsawo a rubuce, mu ba ma yi, don haka waɗannan sai an kai ga jimla. A fara da sautin farko, shi ya fi sauƙin ji, sa'an nan na ƙarshe, na tsakiya ya zo daga baya. Kunne tukuna, sai takarda, sai yaro ya rubuta da hannunsa ya goge harafi ɗaya.

Ina roƙon 'yan'uwana malaman aji ɗaya su ware kwata na awa kowace safiya su gwada wannan na zango guda, da kwalin da za su samu a kowane shago. Uwa ma za ta iya yi a tsakar gida da gawayi. Shugabannin makarantu kuma su daina tura wa aji ɗaya malamin da aka rasa inda za a kai shi. Wanda ya fi kowa iya koyarwa a makarantar, shi za a ba ajin.